Masu yabon gilotin, ku fara ƙirga kawunan tukuna

Tun daren da aka buɗe gasar Olamfik a Paris, 26 ga Yulin 2024, aka nuno wata mata da jan kaya a tagar tsohon kurkukun Conciergerie tana riƙe da kanta a hannu tana waƙa, wai Marie Antoinette ce, sarauniyar Faransa da aka fille wa kai a juyin juya halin da ya fara a 1789, abun nan ya tsaya min a rai. Abun da ya fi ƙona min rai ma shi ne yadda na ga mutane a Facebook, har da namu, suna yaɗa hoton suna cewa ai haka ake yi wa azzaluman shugabanni, wai Faransawa su ne suka san maganin ɓarayin gwamnati. To mai wannan magana ya tsaya mu ƙirga kawunan da suka faɗa kwandon gilotin, wato na'urar fille kai.

Eh, an fille kan Sarki Louis na 16 ranar 21 ga Janairun 1793, matarsa ta bi shi 16 ga Oktoba, a dandalin da yanzu ake kira Concorde. Mutum biyu kenan. Amma hukuncin kisa da aka yanke a hukumance a zamanin juyin juya halin ya kai kusan dubu 17, kuma masanin tarihi Donald Greer da ya bi takardun ya tarar masu jinin sarauta ba su kai ɗaya cikin goma ba, fiye da rabi manoma ne da leburori da masu sana'ar hannu. Talakan da aka ce don shi ake yi, shi wuƙar ta fi ci.

Kuma ku duba yadda abun ya dinga tafiya. A Satumban 1793 aka yi dokar waɗanda ake zargi, wadda ta sa maganarka ko wanda kake hulɗa da shi ya isa a kama ka, maƙwabcin da kuka yi faɗa kan bashi ya je kwamitin unguwa ya ce kai maƙiyin jamhuriya ne, shikenan. Sai 10 ga Yunin 1794 aka zo da wadda ta fi muni, aka cire lauyan da zai kare ka, aka ce ba dole sai an saurari shaidu ba, hukunci kuma biyu ne kawai, ko a sake ka ko a kashe ka. Cikin mako bakwai kacal sama da mutum 1,300 aka fille wa kai a Paris kaɗai. A yanke maka gashin ƙeya, a yage wuyan rigarka don kada ya tare wuƙa, a ɗaure hannunka ta baya, a ɗora ka a amalanke a ratsa gari da kai jama'a na ihu. Haka aka yi wa mata 16 masu hidimar coci na garin Compiègne ranar 17 ga Yuli, suna waƙoƙin addu'a ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya har muryar ƙarshe ta ɗauke. Wace baitulmali waɗannan suka wawure? A Nantes ma gilotin ɗin gani aka yi ya yi jinkiri, Carrier, wakilin gwamnatin juyin juya hali a can, ya sa ana loda fursunoni a jirgin ruwa ana nutsar da su a kogin Loire da dare.

Masu kare abun za su ce ai yaƙi ake, sarakunan Turai sun yi wa ƙasar taron dangi. Wannan hujjar ba ta da ƙafa, domin sojan Faransa sun ci nasara a Fleurus 26 ga Yunin 1794 kuma amalanke bai daina cika ba.

Su kansu masu kiran a kashe ba su tsira ba fa. Hébert ya tafi a Maris, Danton a Afrilu, shi kuma Robespierre uban tafiyar ranar 28 ga Yuli aka kai shi da muƙamuƙi a farfashe, mai yanka ya fizge ƙyallen da aka ɗaure masa haɓa yana kururuwa. Shekara biyar bayan haka wani soja, Napoleon, ya ƙwace mulki, a 1802 ya dawo da cinikin bayi da bautar da aka soke a 1794, a 1804 ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Wallahi duk baƙar fatar da ke tafa wa wannan tarihi ya kamata ya san wannan ɓangaren.

Ni ban ce sarautar Faransa ba ta yi zalunci ba, ta yi, talaka na biyan haraji yana kwana da yunwa ana shagali a fadar Versailles. Amma ɓarawon gwamnati kotu ake kai shi, da lauyansa da shaidu, a ƙwato dukiyar a ɗaure shi. Malaman tarihi kuma in za su koyar da 1789 don Allah su haɗa da 1794, su kuma Faransawa da suka ci gaba da amfani da gilotin har 1977 su daina mayar da yankakken kan mace abun ado a bikin wasanni.