Jar giyar inabi ta "bio" da baƙon da ba ya sha

Ranar Asabar wani abokin aikina ya gayyace ni cin abincin dare gidan babansa, a wani ƙauye kusa da Avignon a kudancin Faransa. Baban nasa dattijo ne, manomin inabi. Da aka zo zuba giya na ce ni bana sha, sai ya dube ni cikin tausayi ya ce ai wanda baya shan giya rabin daɗin abinci kawai yake ji. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Bari dai in ba dattijon haƙƙinsa. Giyar tasa ja ce irin ta yankin Côtes du Rhône, haɗin inabin Grenache da Syrah, a jikin kwalbar ga koren tambarin AB na noman "bio" ga kuma ganyen nan mai taurari na Tarayyar Turai, wato gonar ba ta ganin takin zamani balle maganin kashe ciyawa. Sai da ya yi shekara 3 yana noma a haka kafin a bar shi ya manna tambarin. In damina ta yi yawa cuta ta kama ganye, farar wuta da ruwan jan ƙarfe yake fesawa, shi ma jan ƙarfen an ƙayyade masa, kilo 28 a hekta cikin shekara 7, ciyawa kuwa sai dai ya bi ta da garma. Tun 2012 dokar "bio" ta bi manoman har wajen haɗa giyar, sinadarin sulfit da ke hana ta lalacewa kar ya wuce miligiram 100 a lita, alhali sauran jajayen an yarda musu 150. Mutumin da ya tsufa yana tattalin ƙasarsa haka dole in girmama shi.

Sai zaman teburin. Kofin gilashi mai doguwar ƙafa, a zuba kaɗan a jujjuya a kai hanci, wannan ta ce tana jin ƙanshin ceri, wancan ya ce shi masoro yake ji kuma daga Syrah ɗin ne, ba a sa ta a firji don wai tsakanin digiri 16 da 18 ƙanshinta yake fitowa. Suka ce tana da bauri da ke fitowa daga ɓawon inabin da ƙwayoyinsa, kuma maiƙon gasasshen rago ne ke kwantar da shi, shi ya sa aka gasa ragon da tafarnuwa aka biyo da cuku mai tauri. Kifi kam basa haɗa ta da shi, wai baki sai ya riƙa jin ƙarfe-ƙarfe. Abin nasu ba wasa bane, a 2010 UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin al'adun duniya da ake karewa, har da daidaita abinci da giya a ciki.

To amma ni na ci ragon nan da ruwa, na ji tafarnuwar, na ji hayaƙin garwashin, harshena lafiyarsa ƙalau. Abin da ya gajiyar da ni shine kusan duk teburin da na zauna a ƙasar nan sai na yi bayanin kaina, "ko ɗan kurɓi ɗaya?", "addini ne ko likita?", ana murmushi amma kai kaɗai ne a gefe. A gida kun san yadda ake, baƙo ya ce baya son abu an wuce wajen, a kawo masa wani. Eh mu ma muna da namu halin, ban ce mu waliyyai bane, amma ba ma sa baƙo ya kare kansa yana tsaka da cin abinci.

Ni na girma da nawa, zan iya cewa a'a har gobe. Yarana ne damuwata, a nan suke tasowa, wata rana abokansu za su miƙa musu kofin nan da fara'a da kyakkyawar niyya, ba kawu ba gwaggo a kusa. Ni da mamansu mun fara maganar dogon hutun bana su je gida su yi shi gaba ɗaya.