Haɗa wa mai cutar kansa magunguna ba lalube ba ne

Wallahi abin yana damuna, sai ka ji an ce wai likita ya jibga wa mai cutar daji, wato kansa, magani uku huɗu lokaci ɗaya don bai san wanne zai yi ba, lalube kawai yake. Ba haka ba ne jama'a. Ƙwayoyin cutar kansa ba duka iri ɗaya ba ne, in ka ba da magani guda zai kashe wasu, waɗanda suka jure su hayayyafa ciwon ya dawo da ƙarfinsa, shi ya sa ake haɗa magungunan da kowanne ta hanyarsa daban yake kai hari, kamar dai yadda ake fara wa mai tarin fuka da magani huɗu.

Kuma bincike ne ya kawo hakan. A shekarun 1960 a Amurka, likitoci Emil Frei da Emil Freireich suka gwada haɗin magani huɗu a kan yara masu kansar jini, lokacin kusan duk yaron da ya kamu rasuwa yake. Yau a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan 9 cikin 10 na yara masu irin wannan kansar suna rayuwa.