Hoton kirji ba ya sauya jinin zuri'arka

Jiya a Agege na ji wani dattijo ya ƙi yin hoton ƙirji da likita ya rubuta masa, wai hasken na'urar yana sauya halittar mutum har 'ya'yansa su gada, kuma wallahi maganar nan ta yaɗu sosai har tana damuna. Tsoron yana da tushe, haske mai ƙarfi irin na eksire yana iya tsinka DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, amma ƙwayoyin jiki suna gyara mafi yawan ɓarnar.

Akwai kuma abu na biyu da ba a cika sani ba. A jikin DNA akwai wasu ƙananan alamomi, kamar methyl, da ke kunna ko kashe wani sashe ba tare da sun taɓa rubutun ba, kamar wasali a rubutun ajami, baƙaƙen suna nan yadda suke amma in ka sauya wasali karatun ya canza. Hasken yana iya jirkita waɗannan alamomin, shi ya sa masu binciken cutar kansa suke bibiyarsu, sai dai an fi ganin hakan a ɓeraye da ƙwayoyin ɗakin gwaji da aka haska sosai.

Hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 mSv ne (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), alhali kowa yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sama. Kuma yawancin alamomin nan na jikin DNA ana goge su tun farkon shigar ciki, don haka ba kasafai 'ya'ya ke gadarsu ba. Ko 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki a 1945, binciken shekaru bai nuna ƙaruwar cutar gado a cikinsu ba.

Mai ciki dai ta gaya wa likita kafin a yi mata hoton, amma Baban nan na Agege da yake tari wata biyu gara ya je.