Matar da aka rubuta cewa ba ta aiki

Idan masu ƙidaya suka tsaya a zaure suka tambayi maigida sana'ar iyalinsa, amsar da aka saba ji ita ce, "Ba ta komai, tana gida." Ni kuwa a Katsina na tashi, a hannun uwar da kan hura wuta tun kafin asuba, ta yi surfe, ta kirɓa fura, ta matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli, ga goyo a baya, kuma da wannan cinikin aka saya mana littattafan makaranta.

Tun a 1934 masaniyar tattalin arziki Margaret Reid ta kafa ma'aunin cewa duk hidimar da za a iya biyan wani ya yi a madadinka, aiki ce mai daraja. A 1965 masanin tattalin arziki Gary Becker ya kwatanta gida da ƙaramar masana'anta, inda ake haɗa lokaci da kayan da aka sayo domin samar da abinci da tarbiyya. Duk da haka, ƙa'idar lissafin arzikin ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko da ta yarda a ƙidaya ɗibar ruwa da itace, ta bar girki da raino a waje, alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a 2018 cewa mata ke ɗauke da kashi 76 cikin 100 na irin wannan hidima.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lissafin masana kan raba yini gida biyu, lokacin nema da lokacin hutu. Matan Batagarawa da ke kusa da Katsina, waɗanda masaniya Polly Hill ta yi nazarin cinikinsu na cikin gida a ƙarshen shekarun 1960, ba haka yininsu yake ba, domin a sa'a guda mace tana tuƙa tuwo, tana auna wa mai saye gero, tana lallashin yaro. Wadda ke fita da talla kuwa 'yarta ce, kuma lokacin yarinyar, da ake ɗauka kyauta ne, daga karatunta ake yankarsa.

Shi ya sa ba na gamsuwa idan aka raba wa mata jari ko keken ɗinki ba a tambayi inda za su samo sa'o'in ɗinkin ba. Rijiyar burtsatse a unguwa da injin niƙa a kusa suna mayar wa mace da sa'o'in da za ta juya jarin. Kafin a sake tsara wani tallafi, a tura mata masu ƙidaya su wuce zaure su shiga tsakar gida, su rubuta yinin matar daga asuba zuwa isha'i.