Mai son likitanci a Amurka, kada ka karya wuyanka da jadawalin zangon farko

Ƙannena da kuka samu gurbi a jami'o'in Amurka da niyyar zama likitoci, waɗanda aka haifa a can da waɗanda suka tafi daga gida, ku ba ni aron kunnuwanku kafin ranar rajistar kwasa-kwasai. Ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da yawa sun rasa likitanci tun cikin watanni huɗu na farko, ba don daƙiƙanci ba, sai don sun zauna gaban kwamfuta a watan Yuli sun cika wa kansu jadawalin da ko ɗan aji uku ba zai ɗauka ba.

A Najeriya yaro kan ci JAMB, a ba shi MBBS kai tsaye, shekara 6, sashe ya manna jadawali a allon sanarwa kowa ya bi. A Amurka ba haka ba ne. In ban da wasu 'yan tsirarun shirye-shiryen haɗin gwiwa, ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai ka fara yin digirin farko na shekara 4 a fannin da ka ga dama, a cikinsa ka yi kwasa-kwasan da makarantun likitanci suka shar'anta, ka zauna MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, sannan ka nemi gurbin wasu shekaru 4 na digirin likita, wato MD ko DO. Abin da suke kira firi-med ba digiri ba ne a yawancin jami'o'i, hanya ce kawai. Kuma kai ne mai zaɓen kwas ɗinka da lokacinsa. Wannan 'yancin shi ne ke cin mutane.

Fara da kemistiri, don shi ne yake da jeri wanda ba a tsallakewa. Kemistirin bai-ɗaya na ɗaya, sai na biyu, sai oganik na ɗaya, na biyu, sannan bayokemistiri. Zango 5 ke nan, kowanne sai ka ci wanda ya gabace shi za a buɗe maka rajistarsa. Tun da aka sabunta MCAT a 2015 bayokemistiri ya zama ƙashin bayanta, tare da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Wanda yake son shiga makarantar likitanci ba tare da ya zauna shekara guda ba, dole ya yi MCAT a zangon biyu na aji uku, domin shafin neman gurbi na AMCAS a watan Mayu yake buɗewa, kuma makarantu da yawa wanda ya riga kai takarda shi suke fara dubawa. Ƙirga da yatsu: in ka fara kemistiri a zangon farko na aji ɗaya, za ka gama bayokemistiri a Disambar aji uku, ka samu watanni kaɗan na bita. In ka ɗage shi da shekara guda, lissafin ya ƙi fita. Bayoloji da fiziks suna da sarari, ana iya gusa su gaba ko baya. Kemistiri ba shi da shi. Saboda haka shi za ka fara dasawa a jadawali, sauran su zagaye shi.

Amma akwai sharaɗi. Kafin rajista jami'a za ta yi maka gwajin tantance mataki a lissafi, wasu har da kemistiri, da yawa kuma da manhajar ALEKS suke yi. Kada ka sa wani ya taya ka, kada ka buɗe littafi don ka samu babban maki. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, domin za a jefa shi ajin da ya fi ƙarfinsa. Kemistirin shekarar farko rabinsa aljabara ce: sauya ma'auni, lissafin mol, logarizim wajen pH. In gwajin ya nuna lissafinka da saura, ka karɓi hukuncin, ka yi zango guda kana gyara shi, kemistiri ya biyo baya a Janairu. Jinkirin zango ɗaya ana iya cike shi da karatun hutun bazara, ko a makarantun da ke barin mutum ya shiga bayokemistiri bayan oganik na ɗaya. Makin C kuwa ba ya gogewa.

Ga dalilin da ya sa na ce ba ya gogewa. AMCAS ba ta ɗaukar GPA, wato matsakaicin maki, da jami'arka ta rubuta, nata take lissafawa, kuma tana ware makin bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi daban, shi ne GPA na kimiyya. Ko jami'arka ta yafe maka kwas ɗin da ka faɗi ka maimaita, AMCAS za ta sa duka biyun, tsohon da sabon. Makarantun DO ma sun daina maye gurbin tsohon maki da sabo tun 2017. To ɗauki ɗalibin da ya haɗa kemistiri mai kiredit 5, kalkulas mai 4 da bayoloji mai 4 a zangon farko, ya fito da C, C da B. A ma'aunin da A take 4, B take 3, C take 2, ya tara maki 30 a kan kiredit 13, wato kusan 2.3. Kafin ya ɗaga wannan zuwa 3.7 sai ya kawo kiredit kusan 60 na kimiyya, duk A, babu ko tuntuɓe ɗaya, har da oganik a ciki. Matsakaicin GPA na waɗanda ake ɗauka a makarantun MD kuwa yana wajen 3.8, kuma waɗanda ke samun gurbi a kowace shekara ba su kai rabin masu nema ba. Zango ɗaya na nuna bajinta, shekara uku na biyan bashi.

Kuskuren da ke jawo wannan shi ne ƙirga kiredit maimakon ƙirga awoyi. Digiri kiredit 120 ne a mafi yawan wurare, wato 15 a kowane zango har zango 8. Ƙa'idar da jami'o'in suke ginawa a kai ita ce kowace awa ɗaya a aji tana bukatar awa biyu na karatu a waje. Kiredit 15 awa 45 ke nan a mako, ya riga ya wuce aikin ma'aikacin ofis. Sannan ga lab. A takarda kiredit 1 ne, amma za ka tsaya awa 3 zuwa 4 a ɗakin gwaji, kafin ka shiga akwai tambayoyin share fage da za ka amsa, bayan ka fito akwai rahoto mai tebur da jadawalin sakamako da bayanin inda kuskure ya shigo. Kiredit ɗayan nan yana iya cinye awa 7 ko 8 a mako. Wanda ya sa lab biyu da kalkulas da aikin neman kuɗi a cikin makaranta, ya sayar da barcinsa tun kafin a fara.

Abin da nake ba da shawara a zangon farko shi ne kiredit 14 zuwa 15, da kwas mai nauyi biyu kacal. Kemistiri na ɗaya da lab ɗinsa, lissafi guda, kwas ɗin rubutun Ingilishi, gabatarwar ilimin halayyar ɗan Adam, in akwai ɗan taron sababbin ɗalibai mai kiredit 1 a ƙara. A zango na biyu, bayan ka ga makinka da idonka, sai kemistiri na biyu, bayoloji na ɗaya da lab, rubutu na biyu, da ilimin zamantakewa ko ƙididdiga. In bayoloji ne fanninka kuma sashe ya tilasta fara shi tare da kemistiri, to lissafi ya jira. Kalkulas ma ba kowa yake bukata ba. Makarantun likitanci kaɗan ne suke shar'anta shi, ƙididdiga ta fi shi amfani a MCAT da wajen karanta binciken likitoci, kuma fiziks ɗin da aka gina a kan aljabara yana wadatarwa a mafi yawansu. Sai dai ka duba abin da digirinka yake bukata, don mai karanta injiniyanci ko kemistiri zalla ba shi da mafita daga kalkulas.

Kada ka raina kwas ɗin rubutu, musamman kai da ka taso a makarantar da haddar bayanin malami take kai mutum ga A. Ɗaya daga sassa huɗu na MCAT babu kimiyya a cikinsa ko kaɗan: tambaya 53 cikin minti 90 a kan rubuce-rubucen falsafa, tarihi, adabi da makamantansu, ana gwada ko ka gane inda marubuci ya dosa. Ba a haddace shi, kuma ba a gyara shi cikin wata biyu. Karatu mai yawa ne tun daga aji ɗaya.

In ka zo da kiredit na AP (kwas na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) ko na A-Level, jami'a na iya ce maka ka tsallake kemistiri na ɗaya. Yi hattara. Wasu makarantun likitanci ba sa karɓar irin wannan kiredit a matsayin cika sharaɗi, wasu sai ka ɗora kwas na sama a fannin. Haka ba duka suke sakin jiki da kwas ɗin sharaɗi da aka yi ta intanet ba, ko wanda aka yi a tsarin ci-ko-faɗuwa marar maki. Ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, AAMC, tana da kundin MSAR mai ɗauke da sharuɗɗan kowace makaranta. Ka buɗe shi tare da jami'in ofishin ba da shawara ga masu neman fannin lafiya, ba jami'in sashenka kaɗai ba, domin shi na sashe abin da ya sani shi ne yadda za ka kammala digiri.

Sai maganar sa'o'in yini. Laccocin Litinin, Laraba da Juma'a galibi minti 50 ne, na Talata da Alhamis minti 75. Akwai masu tara komai a kwana biyu don su samu kwana uku na hutu. Ga mai kemistiri wannan ba dabara ba ce, ƙwaƙwalwa ba ta karɓar komai a lacca ta huɗu a jere, kuma gwaje-gwajen tsakiyar zango za su iya haɗe maka a rana ɗaya. Ka bar giɓin awa guda bayan laccar kemistiri ka zauna ka warware tambayoyi tun abin yana da zafi. Ka duba taswirar makaranta kuma: minti 10 tsakanin aji biyu ba ya kai ka daga wannan gefe zuwa wancan a cikin ƙanƙarar Janairu.

Musulmi yana da ƙarin lissafi. Sallar Juma'a a harabar yawancin jami'o'i tana kamawa wajen ƙarfe 1 na rana, lab kuwa ba a ramawa cikin sauƙi, kuma a wurare da yawa rasa biyu ko uku faɗuwa ce a kwas ɗin gaba ɗaya. Saboda haka lab na Juma'a da rana ba naka ba ne, ko da shi kaɗai ya rage. Shiga jerin jira na wani rukunin lab ɗin, ka rubuta wa mai kula da lab ɗin tun kafin a fara. Ka kuma tuna da gajartar rana. A birnin New York cikin Disamba La'asar tana shiga bayan ƙarfe 2 da kaɗan, rana ta faɗi wajen 4:30. Lab ɗin da ya fara ƙarfe 1 ya tashi ƙarfe 5 ya haɗiye La'asar ɗungurum, kana tsaye da gilashin kare ido kana jiran ruwan kwalba ya sauya launi. Na safe ya fi. Azumi ma a shekarun nan yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, daidai lokacin gwajin tsakiyar zango na biyu, don haka mai tarawihi da sahur ya yi tunani kafin ya sa laccar ƙarfe 8 na safe kullum. Ƙanwata mai hijabi, ki tanadi na auduga gajere wanda za ki tura cikin rigar lab, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata in wuta ta taɓa shi.

In an fara, mako ɗaya ko biyu na farko ana barin mutum ya sauke kwas ko ya ƙara ba tare da ya fito a takardar sakamako ba. Ka tattara takardun tsarin kwas da malamai suka raba, ka zuba ranakun gwaji duka a kalanda ɗaya. In ka ga uku sun taru cikin kwana biyu har sau biyu, lokacin gyara ke nan. Bayan wannan wa'adi sai janyewa, wadda take barin harafin W. AMCAS ba ta sa W cikin lissafin GPA, kuma W ɗaya a aji ɗaya ba ta hana kowa zama likita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: in gwaji biyu sun nuna D kake fuskanta, je ofishin malamin a sa'o'in da ya ware wa ɗalibai, ku lissafa abin da ya rage, in ba ya fita ka janye. Makarantun likitanci da yawa ma ba sa karɓar abin da ya gaza C a kwas ɗin sharaɗi, har da C mai ragi (C-).

Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuwa kada ya kuskura ya janye kafin ya ga jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Doka ta ce kiredit 12 ne mafi ƙaranci, kuma kwas ɗaya kawai na intanet, mai kiredit 3, ake ƙirgawa a ciki. Wanda ya yi rajistar 15 ya janye daga kemistiri mai 5 ya koma 10, zamansa a ƙasar ya shiga matsala in ba a ba shi izini tun farko ba. Wannan ya sa yake da kyau a tsara jadawalin ta yadda in aka cire kwas guda ba za a faɗo ƙasa da 12 ba, ko a san wani gajeren kwas na rabin zango da za a iya cike giɓi da shi. Mai tallafin karatu shi ma ya karanta sharuɗɗan tallafinsa, yawanci akwai adadin kiredit da GPA da ba a sauka ƙasa da su.

Kai da ba ka da takardar zama ɗan ƙasa ko girin-kad, akwai maganar da gara ka ji ta yanzu. Makarantun MD da ke karɓar ɗan ƙasar waje ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, bashin karatu na gwamnatin tarayya ba ya shafarka, wasu kuma sai ka nuna ko ka ajiye kuɗin shekara ɗaya har zuwa huɗu kafin su bar ka ka fara. Don haka ka zaɓi fannin digiri wanda zai iya ciyar da kai shi kaɗai, kamar ƙididdiga, kiwon lafiyar al'umma, bayokemistiri ko kimiyyar kwamfuta, ka sa kwas ɗinsa na farko a zango na biyu don ka ɗanɗana shi tun da wuri.