Gutiyer ba ta mayar da faifan muƙamuƙi wurinsa

Jama'ar Yamai, ba kowace ƙarar muƙamuƙi ce ke bukatar gutiyer, wato robar da ake sa wa haƙora, ba. Ɗora yatsa gaban kunnenka ka buɗe baki, abin da ke motsi nan shi ne gaɓar muƙamuƙi. Cikinta akwai ɗan faifai na guringuntsi tsakanin kan ƙashin muƙamuƙi da ƙoƙon kai. In ya zame gaba, ƙashin ya hau kansa wajen buɗe baki, sai ka ji ƙas. Matuƙar babu ciwo babu maƙalewa, a ƙyale shi. Mai bukatar likita shi ne mai ciwo, ko wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa. Bakin lafiyayye yana kai milimita 40 zuwa 50, yatsu uku a tsaye. In faifan ya tokare, da ƙyar ya wuce 30.

Robar da likitocin haƙori ke kira gutiyer tana da amfani, amma galibi faifan yana nan inda ya zame. Aikinta ta sassauta naman tauna, ta kare haƙoran mai cizon haƙora cikin barci. Ta kirki mai tauri ce, kaurinta wajen milimita 2 a kan turame, an auna ta da bakinka, ta rufe haƙoran sama ko na ƙasa gaba ɗaya. Likita zai sa ka ciji takarda mai launi, ya goge inda ya yi tudu har haƙora su sauka tare, ka dawo bayan sati ɗaya ko biyu a sake dubawa. Wallahi wannan gyaran shi ne rabin maganin.

Robar da ta rufe wasu haƙora ta bar wasu, waɗanda aka bari suna iya tsawo, cizo ya karkace. Mai tura muƙamuƙi gaba, in aka sa ta dare da rana watanni ba kulawa, turame na iya daina haɗuwa. Mai laushi ta kanti kuwa, wasu ƙara taunarta suke.

Da dare ake sa ta. Da rana a huta da kilishi, goro da cingam, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi minti 15. A wanke ta da ruwan sanyi, kada a bar ta cikin mota a zafin Afrilu, lanƙwashewa take. In ka tashi da safe haƙoranka suka ƙi haɗuwa har rana ta ɗaga, daina sa ta ka koma wurin likita.