Na'ura ba za ta juya tsoho a kan gado ba

Tun a 2021 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 150 domin a mayar da bayanan kula da tsofaffi daga takarda zuwa na'ura, ta ce zuwa Maris 2024 kashi 80 cikin ɗari na masu wannan hidima za su koma rubutu a kwamfutar hannu. Wa'adin ya cika ba a kai ba. Sai ga shi ranar 22 ga Yuli 2025 gwamnatin da ta gaje ta ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, alhali Skills for Care, cibiyar da ke tattara alƙaluman ma'aikatan wannan fanni a Ingila, ta ƙirga guraben aiki kusan 131,000 da babu mai cike su a shekarar 2023 zuwa 2024. An rage hannuwan da ke aikin, ana kuma ta tallata na'urar da za ta rubuta cewa an yi shi. Wannan shi ake kira an bar jaki ana dukan taiki.

Duk wanda ɗan'uwansa ko ƙanwarsa ke wannan aiki a Ingila, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi kowa shigarsa tun 2022, ya san yadda dare ke wucewa a gidajen kula da tsofaffi. Tsohuwar da ba ta iya motsi sai an juya ta kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayanta ya fara ja, daga nan sai gyambo. Akwai takardar juyawa, akwai ta ruwan da ta sha, akwai ta magani da ake sa hannu a kanta duk ƙwayar da aka ba ta. Ma'aikaciya ɗaya tana da ɗakuna fiye da ƙarfinta, ƙararrawa na kaɗawa a ƙarshen baranda, wani ya faɗi a banɗaki. Da asuba ta zauna da takardun, ga gurbin ƙarfe biyu da na ƙarfe huɗu fayau. Manaja kuwa abu ɗaya yake so ya gani: kada a bar gurbi.

Masu tallar na'ura na cewa ai tana rubuta lokaci da kanta, ba a iya komawa baya a cike. To, da sai me? Ana iya danna "an juya ta" daga bakin ƙofa, na'urar ta rubuta ƙarfe biyu daidai, tsohuwar tana kwance yadda take tun bayan isha'i. Ƙaryar ce dai, sai dai yanzu ta fi kyan gani a idon mai bincike. Masu cewa rubutun gaba ɗaya ɓata lokaci ne kuma ba su taɓa tsayawa gaban likitan da ke tambayar yaushe mara lafiya ya sha ruwa na ƙarshe ba.

A tuna da gidan kula da tsofaffi na Orchid View a yankin West Sussex, na kamfanin Southern Cross, wanda aka rufe a 2011. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19 a gidan, ta gano sakaci ya taimaka wajen mutuwar biyar. Cikinsu har da wata dattijuwa mai shekara 77 da aka riƙa ba ta warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ninki uku na abin da aka rubuta mata. Aka umarci wata ma'aikaciya ta yayyaga takardun magungunan. Asirin ya tonu ne saboda daga baya ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kula a Ingila ta taɓa ba gidan shaidar cewa yana da kyau. Abin da ya fito da gaskiya a can mutum ne da ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki.

Nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bizar baƙuwar ma'aikaciya a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko ta. In an sallame ta, kwana 60 take da shi ta samo wani mai ɗaukar nauyinta ko ta tattara kayanta. Ga bashin da ta ci kafin ta taho, ga iyaye a gida suna jiran aike. Yaya za a ce wa irin wannan baiwar Allah ta ƙi cike gurbin da manaja ya tsaya a kanta ya ce ta cike? Gwamnati ta san halin da ake ciki sarai, domin tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 ta ƙwace lasisin ɗaukar baƙi daga kamfanonin kula fiye da 470.

In da gaske ake son bayanan da za a amince da su, a kwance bizar daga wuyan kamfani ɗaya, a kafa doka kan yawan ma'aikatan da dole su kwana a kowane gida. Masu binciken CQC su riƙa zuwa da tsakar dare ba tare da sanarwa ba, su ɗaga bargo su duba bayan tsohuwar kafin su buɗe kwamfuta. Ma'aikaciyar da ta rubuta "ban samu damar juya ta ba" kuma a ɗauki rubutunta a matsayin ƙara a kan gidan, a kira manajan ya yi bayani.